Kafin mu buɗe akwati don irin dankali: sayen iri, maƙwabtansa a garka, da zancen yakon

 

Gero na fidda kai, hankalin kowa na gona, amma duk wadda ta taɓa noman rani ta san yanzu ne ake yanke shawarar garka. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙungiyoyinmu da yawa, kuɗin da ya fi girma da ke fita daga akwati a shekara shi ne na irin dankalin turawa. Kuɗin nan kuwa zubin mata ne, dala-dala, na mai tuyar ƙosai da mai kitso da mai saida kwaɗon zogale. In iri ya yi kyau, ranar rabo kowa na dariya. In ya lalace, mata ashirin ko talatin ne sunka faɗi tare, kuma akwai ƙungiyar da ba ta sake miƙewa bayan haka, don mace ba ta komawa zubi wurin da ta ga guminta ya ruɓe cikin ƙasa. Bana kuma ga wani sabon zance ya shigo ta wayoyin ɗiyanmu, na wata saiwa da ake kira yakon, har wasu ƴan uwa na tambaya ko a fitar da kuɗin ƙungiya a sayo. Zan zo gare shi, amma bari mu fara da wanda ke ciyar da mu.

Allah ya yi ma Imanan baiwa uku da dankali ke so. Muna cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwa ke kusa, a wurare da dama ƴan mitoci kaɗan ne an same shi. Ƙasarmu jigawa ce mai taushi, saiwa na buɗewa cikinta ba wahala. Sannan ga sanyin dare daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Tun shekarun 1950 ake shuka dankali nan yankin Bonkuku, amma yunwar 1973 da ta 1984 ne sunka tura mutane garka gadan-gadan, musamman lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta matsa a kan noman rani bayan farin 1984. Yau in kin je kasuwar Katako a Yamai watan Fabrairu, sunan Bonkuku za ki ji a bakin masu saida dankali, tare da na Agadas da na Dogon Dutsi. Da can aikin maza ne, mu namu kai abinci da tsintar dankali ranar haƙa. Yanzu mata na aro ko hayar ƙasa da kuɗin asusu, suna shuka nasu.

Sayen iri

Tambayar da na fi ji wurin taro ita ce: "Yaya, don mi za mu sayi iri mai tsada daga ƙasar Turawa kowace shekara, alhali ga dankali jibge a kasuwa, shi ma in an binne shi tsirowa yake?"

Gaskiya ne yana tsirowa. Amma dankali ba kamar gero ba ne. Gero ƙwaya ake shukawa, dankali kuwa jikin uwar ake yanka a binne, saboda haka duk cutar da ke jikin uwar tana bin ɗiyan. Akwai cututtukan da darɓa ke ɗauka daga ganye zuwa ganye, ba a ganinsu a jikin dankalin, sai bayan an shuka a ga ganye ya nannaɗe, shuka ta tsumbure, a haƙa a samu ƴan ƙanana kamar ƙwan zabo. Kowace shekara aka maimaita irin, amfanin na daɗa raguwa. A Faransa da Holan ana noma iri daban da na ci, a wurare masu sanyi da ƙarancin darɓa, ma'aikata na duba gonar suna cire shukar da ta kamu, sannan a rufe buhun a manna masa takarda. Kuɗin da muke biya na wannan aikin ne. Na biyu kuma, mu nan muna haƙa a Fabrairu ko Maris, shuka kuwa sai Nuwamba. Wane ɗaki ne gare mu da zai riƙe dankali wata takwas, ya ratsa zafin Afrilu da Mayu da laimar damana?

Akwai wadda ta fi darɓa muni. Ita ce cutar yaushi, wadda za ki ga shuka kore shar da safe, da rana ta langaɓe kamar ba a ba ta ruwa ba, kwana biyu ta mutu. In kin yanka dankalin za ki ga zobe mai ruwan ƙasa daga ciki, in kin matsa wani farin ruwa kamar mugunya ya fito. Hanyar ganewa mai sauƙi: ki yanke karan shukar kusa da gindi, ki tsoma bakin cikin kofin gilashi mai ruwa garau, ki jira kaɗan. In kin ga farin abu na zubowa kamar zare, ita ce. Wagga cuta in ta shiga ƙasa tana zama shekaru, tana bin ruwan ban ruwa zuwa fangalin maƙwabciya, kuma ba maganin feshin da ke fidda ta. Mafi yawan lokaci cikin irin da ba a san asalinsa ba take zuwa. Shekarun baya wata ƙungiya kusa da mu ta sayi buhuna wurin wani ɗan kasuwa da ya rantse musu iri ne, rabin kuɗin na kwaparatif. Buhunan ba takarda. Rabin garkar ya mutu kafin fure, kuma mai ƙasar da ya ba su aro bai sake ba su ba. Araha ba ta ado.

To in kun tashi saye, ku aiki wadda ta iya karatu cikin ƙungiya, wannan na cikin amfanin yaƙi da jahilci da munka yi. Irin ƙwarai na zuwa cikin buhu ko akwati mai kilo 25, a rufe, da takarda a jiki, yawanci shuɗiya. A kanta akwai sunan irin, ƙasar da ya fito, girman ƙwayar da lambar kayan. Kada a yar da takardar, a sa ta cikin littafin ƙungiya, don in wani abu ya faru ita ce shaidarmu. Nan yankin an saba da Rosanna mai jar fata, masu saye a Yamai sun san ta kuma tana jure hanya. Akwai Sahel mai fata ruwan ɗorawa, mai saurin nuna. Ni ra'ayina ƙungiya ta riƙe wanda kasuwa ta sani, in tana son gwada sabo ta sayi akwati guda kawai. Ku buɗe akwati ko da guda ne gaban mai saidawa. Ƙwaya ta zama mai tauri, ba ta yamutse ba, ba ɗoyi, ba dogayen fararen tsiro masu karyewa. Matsakaiciya kamar ƙwan kaza ta fi, don cikin kilo 25 ƙwayoyin sun fi yawa, idanun ma sun fi yawa.

Lokacin zuwan iri shi ma rabin amfani ne. Can Turai sai Agusta ko Satumba suke haƙa shi, a tantance, a sa jirgin ruwa, a sauke bakin teku, sannan motoci su hauro da shi. Bayan da anka rufe iyaka da Benin a Yulin 2023 kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina, hanyar ta ƙara tsawo. Shi ya sa ƙungiyoyin manoma irin su FCMN-Niya, haɗakar kwaparatif ɗin masu noman garka ta ƙasa, ke son a rubuta suna a ba da kafin alƙalami tun cikin damana. Wadda ta jira sai ta ga mota ta sauke, ragowa za ta samu, ko ta samu a makare. Dankali kuwa sai dare ya yi sanyi yake ƙulla ƴaƴa. In ƙasa ta yi zafi ta kusa digiri 30, ganye zai yi ta tashi, ƙasa ba komi. Yana buƙatar wajen wata uku. Ki ƙirga da kanki: wadda ta shuka tsakiyar Nuwamba za ta haƙa tsakiyar Fabrairu cikin sanyi, wadda ta shuka Janairu kuwa watanta na ƙarshe, watan da dankali ke ƙiba, cikin zafin Maris da Afrilu zai faɗa.

Batun yanka da shuka ba zan tsawaita ba, kusan kowa ta gani wurin maza. A shimfiɗa irin cikin inuwa mai haske har idanu su fito gajeru masu ƙarfi. A yanka kowane gutsure da ido ɗaya ko biyu, da tsoka isasshiya, don ita ce guzurin shukar kafin ta yi saiwa. Masu yankawa siriri kamar ɓawon albasa don iri ya yi auki suna cutar kansu. Wuƙa a riƙa tsoma ta cikin ruwan Javel, kada a ɗebo cuta daga ƙwaya guda a raba ma ɗari. A bar yankan ya sha iska cikin inuwa kwana ɗaya ko biyu har fuskar ta bushe, wasu na barbaɗa toka. Taki shi zama ruɓaɓɓe, ɗanyen kashin dabbobi na ƙona saiwa yana kawo gara. In shuka ta kai kamar taƙi guda a tara mata ƙasa a gindi, a sake bayan sati biyu ko uku, don duk dankalin da rana ta gani kore yake zama, koren nan kuwa dafi ne, ba a ba yara ba a ba dabba.

Wa zai zauna kusa da wa

Nan ne nike so mu daɗe, don nan ne garkar mace ta bambanta da ta namiji. Namiji na iya cika ƙasarsa da dankali zalla, ya jira wata uku. Mu ba mu iyawa. Kowane sati akwai zubi, akwai kuɗin man inji ko gas, akwai miya. Garkar da ba ta ba da ko dala sai ranar haƙa, kafin ranar ta zo mai ita ta ci bashi a wurare uku.

Abu na farko, shuke-shuke ma dangi-dangi ne. Dankalin turawa, tumati, tattasai, barkono, attaruhu, gauta da yalo duk gida ɗaya ne, ki dubi furensu za ki ga kamar. Dangi kuwa cutarsu ɗaya. Cutar yaushin nan da na faɗa tana kashe tumati kamar yadda take kashe dankali. Tsutsar nan mai shiga tsakanin fatar ganye, wadda malamai ke kira Tuta absoluta, da ta cinye tumatin Kano da Kaduna a 2016 har kwandon tumati ya gagari mutane, in ta gama da tumati dankali take komawa. Saboda haka kada a jera su fangali da fangali, kuma kada a sa dankali inda anka cire tumati bara. Na san kowa na son tumatinta da tattasanta na miya. A kai su can ƙarshen garka, ta gefen da ruwa ke gangarawa, yadda ruwan da ya ratsa su ba zai biyo cikin dankali ba. In ƙasa ta isa, a raba ta kashi uku a riƙa juyawa, dangin dankali kada su koma wuri ɗaya sai bayan shekara uku.

Akwai kuma wata tsutsa ta cikin ƙasa da ido ba ya gani, kuma jigawa irin tamu take so. Alamarta, in kin tuge kuɓewa ko tumati ki ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar tasbaha. A jikin dankali ƙuraje take fiddawa, ɗan kasuwa na gani zai karya kuɗin. Kuɓewa, kankana da kabewa suna kiwonta ƙwarai, karoti ma in ya shiga irin wagga ƙasa sai shi fito da rassa kamar yatsu. Gero, dawa, masara da gyaɗa kuwa ba ta jin daɗinsu, suna rage ta. Shi ya sa ƙasar da za a sa dankali da rani ta fi son a noma mata gero ko gyaɗa da damana, a bar kuɓewa can wani gefe. Akwai wani fure ja da rawaya mai ƙarfin wari da ake shukawa don ado a gidajen Yamai, Faransawa na ce masa œillet d'Inde. Saiwarsa na rage tsutsar, amma sai an cika fangalin da shi wata biyu zuwa uku kafin shuka. Tsiro biyu a bakin fangali ado ne kawai.

Wadanda zama da su ke da daɗi, ta farko albasa. Danginta daban, cututtukan dankali ba su cika damunta ba. Ana cewa warinta na korar ƙwari. Wataƙila yana taimakawa kaɗan, amma ni ban ga ya hana darɓa sauka ba, kuma ba zan ce ma wata ta dogara da shi ba. Amfaninta na zahiri a aljihu yake. Albasa ƴar Galmi in an busar da ita da kyau tana ajiyuwa watanni cikin rumfa mai iska, a fidda ta lokacin da ta yi tsada, dankali kuwa ba ya jira. Sai dai kada a cuɗa su cikin fangali ɗaya. Dankali ana tara masa ƙasa, albasa kuwa ba ta son a binne mata kai, kuma lokacin yanke musu ruwa ba ɗaya ba ne. Fangalinta daban, kusa da nasa, su sha daga foraji ɗaya.

Salati shi ne mai biyan man inji. Wata guda da ƴan kwanaki bayan dashe ya shiga kasuwa, a daidai lokacin da dankali ke ta shan ruwa bai ba da komi ba. A riƙa dasa shi kaɗan-kaɗan kowane sati biyu, don in anka dasa gaba ɗaya zai nuna gaba ɗaya, a rasa mai saye. Kabeji, wanda muke ce ma shu, shi ma dangi daban ne kuma sanyi yake so. Yana da tasa tsutsa mai huda ganye, amma ba ta cin dankali. Ƴaƴan dogon yaro dakakku, a jiƙa su kwana, a tace a fesa da marece, suna rage ta in an fara da wuri kuma ana maimaitawa kowane sati. Abin da ya rage ba a sayar ba a yanka a shanya, ya yi miya da kwaɗo har damana.

Masara kuma a bakin garka, layi biyu ko uku ta gabas da arewa inda hunturu ke bugowa. Tana tare iska da ƙura, ƙasa ba ta saurin bushewa, kuma darɓar da iska ta kwaso kanta take fara sauka. A shuka ta sati biyu ko uku kafin dankali don ta riga shi tashi. A bar tazara, dankali ba ya son inuwa. Zogale ma can jikin darni, ana yanke masa kai kada shi yi tsawo. Wanda ke da zogale goma a garka ba ya rasa kuɗin zubi, wannan kowa ta sani.

Kuɗin akwati

Tsarin da muke bi, na Mata Masu Dubara, a ƙasar Maradi anka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau kuma ya bazu ƙasashen Afirka da Asiya da yawa. Amma da ƙananan sana'o'i anka gina shi, inda mace ke ɗaukar rance yau ta juya shi ta biya bayan wata guda. Dankali ba ya juyawa haka. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: a ce akwatin iri jika 25 ne, ƙungiya na ɗora kashi 10 cikin 100 kowane wata. Daga ranar da anka biya kuɗin iri zuwa ranar da dankali ya zama kuɗi, wata huɗu ne in an yi sauri. Jika 10 ke nan ta hau kai, ba a sa taki ba, ba mai, ba ƴan ƙodago. In kuwa tun Agusta anka ba da kafin alƙalami, watannin sun fi haka. Mu a ƙungiyarmu mun ware abin da muke kira rancen garka: ƙari ɗaya ne tak, an san shi tun farko, a biya bayan haƙa. Kuma ba mu bari ya wuce rabin abin da ke cikin akwati, don haihuwa da ciwo ba su jiran dankali ya nuna. Kowace ƙungiya ta zauna ta tsara nata, amma a rubuta a littafi kafin kuɗi su fita, gaban masu riƙon makulli.

Wasu za su ce ai ƴan kasuwa na ba da iri da taki bashi, ba sai an taɓa akwati ba. Suna bayarwa, kuma sun fidda mutane da yawa kunya. Amma wanda ya ba ki iri shi zai ɗauki dankalin, kuma ranar haƙa, lokacin da duk Imanan ke haƙa kuɗi ya faɗi ƙasa, shi zai faɗi farashi. Wadda ta shuka da kuɗin ƙungiya tana iya haɗa buhunanta da na ƴan uwa su ɗauki mota zuwa Balleyara ranar Lahadi ko Yamai, ko su ɗan jira. Jiran ma sai an shirya masa: a yanke ruwa kwana bakwai zuwa goma kafin haƙa don fata ta yi ƙarfi, a haƙa da sanyin safiya, kada a bar shi cikin rana, a ware wanda hauya ta sara a ci shi gida. Cikin ɗaki mai duhu da iska, a kan yashi, lafiyayyen dankali na yin ƴan makonni. Fiye da haka sai ɗakin sanyi.

To, yakon fa?

Yakon saiwa ce ta tsaunukan Andes a Kudancin Amurka, ƙasashen Peru da Boliviya da Ekwado. Ƙasarsu ɗaya da dankalin turawa, don shi ma daga can Sifaniyawa sunka kai shi Turai a ƙarni na 16, sunan Turawa daga baya ya same shi. Rogo, masara, tumati, barkono, gyaɗa da kudaku duk daga nahiyar Amurka sunka zo, yau sun zama ƴan gida. Saboda haka baƙunci kaɗai ba zai sa in ƙi yakon ba.

A ido kamar kudaku yake, amma ba danginsa ba ne. Shukar na tashi ta fi mutum tsawo, da faffaɗan ganye da ƙananan furanni rawaya. Ɗanye ake cinsa, yana da ruwa da garɗi da zaƙi. Abin da ya sa ake ta yayata shi, yawancin zaƙin nasa wani nau'i ne da cikin mutum ba ya narkarwa, don haka ba ya tada sukarin jini kamar rake ko dabino. A shekarun 1980 anka kai shi Niyu Zilan, daga can ya shiga Japan a 1985, sannan wasu ƙasashen Asiya. Can ƙasarsa ta asali a gefen gonakin masara da cikin lambun gida ake shuka shi, tare da wake da sauran kayan miya. Amma ku ji ni da kyau, iyayena masu ciwon suga: abinci ne. Wanda ya ce miki zai warkar da ke har ki bar maganin likita, kuɗinki yake so. In an ci da yawa ma kumburin ciki da zawo yake sawa.

Wajen shuka shi nan, abu biyu ne ke tsaye a gabanmu. Yakon na buƙatar wata shida zuwa bakwai, wani lokaci fiye, cikin yanayi mai sanyi-sanyi da ruwa a kai a kai. Mu sanyinmu bai kai wata huɗu ba. In an shuka shi Nuwamba, lokacin da zai fara tara saiwa ya shiga Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, kuma faffaɗan ganyen nan ba su jure irin wagga rana. Ki lissafa man injin wata bakwai a kan fangalin da zai ba ki salati sau uku. Na biyu shi ne wanda ya fi shafar mai saye. Saiwar da ake ci ba ta da ido, in kin binne ta ruɓewa za ta yi. Abin da ake shukawa shi ne kututturen gindin, wani dunƙule mai ƙulli-ƙulli ja-ja da ke tsakanin kara da saiwoyin, shi ake rabawa. Duk wanda ya miƙo miki santala-santalan saiwoyi ya ce iri ne, ko bai sani ba ko ya sani. Kuma kututture da anka shigo da shi daga wata ƙasa da ƙasa a jikinsa, ba tare da ma'aikatan kare tsirrai sun duba ba, hanya ce ta kawo mana cutar da ba mu da ita.

Don haka ni ban goyi bayan a fitar da ko dala daga akwati don yakon ba. In abin da ake nema saiwa ce mai zaƙi mai gina jikin yara, ga kudaku mai jan ciki kamar karoti, wanda ke da sinadarin bitamin A mai kare ido. Yana jure zafinmu, wata uku zuwa huɗu ya nuna, da yaɗonsa ake dasawa, ganyensa miya ne kuma abincin tumaki. Masanan da sunka yaɗa shi a Afirka sun samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2016. A tambayi malaman gona na Filinge ko na INRAN inda za a samu yaɗon mai kyau, a kuma tuna ita ma tsutsar nan mai ƙulla saiwa na taɓa shi, kada a sa shi bayan kuɓewa.

In kuma akwai wadda zuciyarta ta kafe sai ta gwada yakon, sai an gwada akan san na ƙwarai, ban hana ta ba. Ta yi da kuɗinta, tsiro biyar ko shida, kututture na gaskiya da anka duba. Ta sa shi a wuri daban, nesa da dankali, inda zai samu ranar safe ya tsira daga ta azahar, kamar gabas da layin zogale ko masara, ta bar kusan mita guda tsakanin tsiro da tsiro, ta rufe gindin da ciyawa ko buntun gero. Ta rubuta ranar shuka, sau nawa take ba shi ruwa a sati, ranar da ganye ya fara yaushi, da nauyin abin da ta haƙa. Ta kawo takardar wurin taron shugabannin ƙungiyoyi, mu buga ta cikin wagga jarida kowa ta karanta.